Shan Kabewa A Ƙasar Turai: Nasiha Ga Ɗalibanmu Da Iyayensu

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a kakar da ta wuce an kawo mana ƙorafi guda biyu, ɗaya daga Kalgo ɗaya daga Gwandu, kuma da muka duba sai muka ga tushensu ɗaya ne. Na farko wani dattijo ne manomin shinkafa, wanda ya sayar da amfanin gonarsa har da wani yanki na fadamar da ya gada, domin ɗansa ya je Ingila neman ilmin haɗa magunguna. Yaron nan yana da kirki, domin duk ranar Asabar yakan je aikin sa kai a wani gidan kula da tsofaffi, ba a biyansa ko kwabo. Kwatsam sai ga hotonsa ya shigo wayar ƙanensa ta WhatsApp: an shafe masa fuska da fari da baƙi kamar ƙoƙon kan matacce, ya yafa baƙin mayafi, yana riƙe da kabewa da aka fafe aka kunna kyandir a cikinta. Kafin la'asar hoton ya gama unguwa. Uban ya rantse ba zai ƙara aika masa da ko sisi ba, wasu kuwa a bakin masallaci har sun fara cewa yaro ya bar addini.

Na biyu wata yarinya ce 'yar Gwandu mai karatun likita a wata ƙasa ta Turai, wadda takan taimaka a ɗakin yara marasa lafiya na wani asibiti. Aka ce kowa ya zo ranar 31 ga Oktoba da shigar mayya ko ta fatalwa domin a ba yaran dariya. Ta ƙi, kuma ta yi daidai. Amma ba ta gaya wa kowa dalili ba, sai ta daina zuwa aikin gaba ɗaya, ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Da labari ya iso gida, sai baffanta ya ce a dawo da ita a yi mata aure, tun da dai ƙasar ba ta zaunuwa ga Musulma.

Mun ga ya wajaba mu yi magana a wannan shafi, domin a cikin gidajen nan biyu ana gab da yin asarar abin da ya fi ƙarfin hoto: a ɗaya za a rasa ɗa, a ɗaya za a rasa likita.

ASALIN WANNAN BIKI

Malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin. Saboda haka bari mu fara da bayanin bikin kansa, wanda Turawa suke kira Halowin, ana kuma yin sa daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara.

Sunan ya samo asali ne daga cocin Kirista na Yamma, ma'anarsa jajiberen ranar waliyyai, domin ranar 1 ga Nuwamba ce suka keɓe don tunawa da dukkan waliyyansu, kashegari kuma su yi wa matattunsu addu'a. Ana danganta farkon wannan da Fafaroma Giregori na Uku, wanda ya yi zamani daga 731 zuwa 741. To amma tun kafin Kiristanci ya isa ƙasashen Ailan da Sikotlan, mutanen can suna da wani biki na ƙarshen kaka da shigowar sanyi mai suna Sawin, wanda yake faɗowa a daidai wannan lokaci. A al'adunsu an ɗauka cewa a wannan dare shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yana yin rauni, har iskoki da rayukan waɗanda suka riga mu su riƙa yawo a cikin gari. Sai a hura manyan wutace, a ajiye abinci, daga baya kuma matasa suka riƙa ɓad da kama suna bi gida-gida. Masu tarihi sun yi saɓani a kan gwargwadon abin da bikin yau ya gada daga kowane ɓangare, amma duk inda aka juya, maganar matattu da iskoki ce jigonsa.

Da yunwa ta auka wa Ailan daga 1845 zuwa 1852, ɗimbin mutanenta suka yi ƙaura zuwa Amurka da al'adunsu. A can gida wata saiwa mai kama da gwaza suke fafewa su yi fitila da ita, a Amurka kuwa suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin fafewa, sai ta maye gurbi. A ƙarni na 20 yara suka riƙa bi gida-gida suna cewa ko a ba su alewa ko su yi ɓarna, 'yan kasuwa kuma suka shiga ciki. Ƙungiyar dillalan kaya ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 mutanen ƙasar za su kashe dala biliyan 12.2 a kan wannan dare guda, wajen sutura da alewa da kayan ado. Daga nan finafinai da talabijin da intanet suka kai shi duniya.

Adalci ya sa mu faɗi cewa mafi yawan masu yin sa a yau ba su riƙe shi addini ba, kuma ba su yi imani da dawowar matattu ba. Akwai ma Kiristoci da yawa da suke ƙyamarsa, maƙwabtanmu Kiristoci na nan ƙasar kuwa galibinsu ba su tashi da shi ba.

MUN SAN IRINSA A GIDA

Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa, da ya ji wannan bayani zai ce: ashe shan kabewa ne. Domin kuwa kafin hasken tajdidi ya game ƙasar nan, 'yan bori suna da bikinsu na kaka da ake kira shan kabewa, wanda ake yi idan kabewa ta nuna. A taru a kaɗa garaya, a kira iskoki ɗaya bayan ɗaya, kowane iska da irin suturarsa da kayan aikinsa, wanda ya hau kansa ya sa kayansa ya yi tafiyarsa da muryarsa. Ga kaka, ga kabewa, ga iskoki, ga shigar burtu. Ba mu ce wannan ya haifi wancan ba, domin ba su san juna ba. Abin da muke cewa shi ne, ɗan Adam idan ya rasa hasken wahayi, to tsoron duhu da mutuwa yakan kai shi wuri guda, ko a bakin Gulbin Kabi yake ko a tsibirin Ailan.

Irin waɗannan al'adu ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna yawon wa'azi a kansu a ƙasashen Kabi da Zamfara da Gobir. A cikin Nurul Albab Shehu ya yi magana a kan masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka, a cikin Ihya'us Sunna kuma ya bi babi-babi yana rarrabe sunna da bidi'a. Shehu ya zauna a Gwandu kafin ya koma Sifawa, Malam Abdullahi kuwa a nan ya rasu a 1829, a nan aka rufe shi. To yaya za a ce jikokin waɗanda suka bar shan kabewa na gida saboda Allah, su ne za su haye teku su ɗauko na wasu, don kawai an lulluɓe shi da leda mai ƙyalli?

ABIN DA SHARI'A TA NUNA

Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya iske mutanen Madina da wasu ranaku biyu da suke wasa a cikinsu tun zamanin jahiliyya, sai ya sanar da su cewa Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato ƙaramar Salla da babbar Salla. A lura da kyau: ba a ce sun yi wa gunki sujada a ranakun ba, wasa aka ambata, amma duk da haka aka canza musu. Wannan ya nuna idi alama ce ta al'umma, kamar alƙibla da kiran salla. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi a kan kamanceceniya da wasu mutane a cikin abin da ya keɓanta da su, kuma Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a kan wannan babi cikin littafinsa Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim. A zamaninmu ma, Majalisar Fatawa ta ƙasar Malesiya ta bayyana a 2014 cewa bai halatta Musulmi ya yi bikin Halowin ba.

Ban da asalin bikin, akwai abubuwan da suke tattare da shi. Mutuwa a wurinmu wa'azi ce: muna wanke mamaci mu suturta shi mu sallace shi, muna ziyarar maƙabarta domin zukata su yi laushi. Ba mu mayar da kwarangwal da kabari da likkafani abin dariya. Tsoratar da mutum ko da wasa an hana. Namiji ya yi shigar mace ko mace ta yi shigar namiji, hadisin Bukhari ya yi tsanani a kai. Sannan kowane ɗalibi mai gaskiya zai shaida cewa shagalin da ake yi a ɗakunan kwanan jami'a a wannan dare ba alewar yara ba ce, giya ce da kiɗa da cakuɗuwa har gari ya waye.

Mun san uzurorin da ake kawowa. Wani ya ce ai wasa ne, niyyata ba ta bauta ba ce. Muna cewa mun yarda da niyyarka, shi ya sa ba mu kira ka mushriki ba, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta abin da aka hana. Wani ya ce ai Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Wannan karin magana tana aiki a kan abin da ya shafi zaman duniya: ka bi layi, ka kiyaye lokaci, ka bi dokar hanya, ka sa rigar sanyi irin tasu, ka koyi harshensu har ka fi su. Ba ta aiki a kan idi. Wani kuma ya ce ai a Riyad ma an yi, domin a watan Oktoba na 2022 an ga hotunan mutane da shigar dodanni a wani dandalin shaƙatawa na birnin. Amsa ita ce, aikin wata ƙasa ko wata hukuma ba hujja ba ne a addini, ko da ƙasar tana ɗauke da Harami biyu. Hujja tana ga Alƙur'ani da Sunna bisa fahimtar magabata.

Akwai kuma mai cewa ai taimako ake tarawa. Gaskiya ne, tun 1950 yara a Amurka suke amfani da wannan dare suna tara kuɗi domin Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF. Taimakon yara alheri ne, amma ƙofarsa a buɗe take kwana 365 a shekara, kuma asusun bai taɓa mayar da kuɗin mutum ba don bai shafa wa fuskarsa alli ba.

Kada wani ya fahimci cewa Musulunci gaba yake yi da raha. Bukhari ya ruwaito yadda Habashawa suka yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha (R.A.) tana kallo a bayan Manzon Allah (S.A.W.). Muna da namu ranakun farin ciki, kuma an yalwata mana a cikinsu.

DARASIN HABASHA GA ƊALIBI BAƘO

To me ɗalibi zai yi, alhali kuwa yana zaune cikin mutanen da suka karɓe shi, suna koyar da shi, wasu ma suna ƙaunarsa? Ba mu ga misali da ya fi na Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (R.A.) da 'yan'uwansa ba, waɗanda suka yi hijira zuwa Habasha tun Annabi yana Makka, suka zauna ƙarƙashin sarki Kirista, Najjashi, fiye da shekara goma, sai a shekara ta 7 bayan Hijira Ja'afar ya iso Madina, lokacin buɗe Haibara. Da aka kira su fada, an ruwaito cewa ba su faɗi sun yi wa sarki sujada ba kamar yadda fadawa suke yi. Amma ba su yi zagi ba, ba su gudu sun ɓuya ba. Ja'afar ya tsaya ya yi bayani da ladabi da fasaha, ya karanta farkon Suratu Maryam, har sarki ya yi kuka. Da wani ya tayar wa Najjashi da yaƙi kuwa, Ummu Salama (R.A.) ta ba da labarin yadda suka yi ta roƙa masa nasara, har Zubairu ɗan Awwam ya haye kogi a kan salka domin ya kawo musu labari. Sun ƙi sujadar, sun kuma so wa mai masaukinsu alheri, duk a zuciya ɗaya. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta tabbatar mana cewa kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, da yi masa adalci, abu ne da Allah bai hana ba.

Saboda haka muna ce wa ɗanmu na Kalgo: ka yi kuskure da ka yarda aka shafe maka fuska, ka nemi gafarar Allah, ka kuma ba mahaifinka haƙuri. Amma kada ka bar tsofaffin nan. Muna ce wa 'yarmu ta Gwandu: kin yi daidai da kika ƙi shigar mayya, kin yi kuskure da kika gudu ba bayani, kika bar yara marasa lafiya suna tambayar ina kike.

Hanya mai sauƙi ce. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun watan Satumba ɗalibi ya sami shugaban wurin aikinsa ya ce masa, addinina bai ba ni damar shiga wannan biki ba, amma ina son aikin nan, a canza mini rana, ko a ba ni aikin da ba na biki ba. Mara lafiya yana bukatar a ba shi abinci ranar 31 ga Oktoba kamar yadda yake bukata ranar 30, kuma wanda ya ciyar da shi cikin tufafinsa na kullum bai yi biki ba, jinya ya yi. Mafi yawan waɗannan wurare sun saba da Bayahude da Bahinde da Kirista mai tsantseni, kowa da abin da ba ya yi, kuma sun fi girmama mai magana a fili a kan mai noƙe-noƙe. Idan ranar Salla ta zo, ɗalibi ya sa babbar riga da hula, ɗaliba ta yi shigarta ta mutunci, su kai wa abokan aiki tuwon shinkafa ko waina ko dubulan, su ce yau ce ranar farin cikinmu. Wanda ya ci wainarka ranar Salla ba zai ce maka mai ƙin mutane ba don bai gan ka da kabewa ba.

Muna ƙara jan kunne game da cunkoson wannan dare. A ranar 29 ga Oktoba na 2022, a unguwar Itewon ta birnin Seul na Koriya ta Kudu, mutum 159 suka rasa rayukansu a turmutsitsin masu shagalin Halowin cikin wani siririn lungu, mafi yawansu matasa, 26 daga cikinsu baƙi ne daga wasu ƙasashe. Ba mu kawo wannan don dariyar ƙeta ba, 'ya'yan mutane ne kamar namu. Mun kawo shi ne domin ɗalibi ya tuna akwai uwar da ba ta barci sai ta ji muryarsa.

ZUWA GA IYAYE

Ya ku iyayenmu, fushinku saboda Allah abin yabo ne, amma fushi ma yana da iyaka a Shari'a. Fitar da Musulmi daga addini ba aikin zaman majalisa ba ne. Hadisi ingantacce ya yi gargaɗin cewa kalmar kafirci idan aka jefa ta ga wanda bai cancanta ba, kan mai jifar take komawa. Shehu Usmanu da kansa ya yi rubuce-rubuce na raddi ga ɗaliban zamaninsa da suke gaggawar kafirta talakawa. Yaron da yake salla, yake azumi, yake wanke wa tsoho ƙafa ba don kuɗi ba, ya yi saɓo cikin jahilci ko jin kunyar abokai. Maganinsa nasiha.

Ka duba abin da zai biyo baya, ya kai uba, idan ka yanke masa kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, ɗalibanmu na waje da ƙyar suke haɗa kuɗin makaranta da na haya. Ka yanke shi, ba gida zai dawo ba. Zai faɗa hannun duk wanda ya ba shi ɗaki da abinci, kuma zai riƙe a zuciyarsa cewa baƙi sun fi mutanen masallacin unguwarsu tausayi. Fadamar da ka sayar ta tafi, ɗan ma ya tafi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kira shi a waya, kai da shi, ba a gaban jama'a ba. Ka ce masa, ɗana, na ga hotonka kuma raina ya ɓaci, gaya mini yadda aka yi. Ka saurare shi, sannan ka karantar da shi. Waɗanda suka yi ta tura hoton daga waya zuwa waya kuwa, su ma su tuba, domin yaɗa aibin Musulmi zunubi ne mai zaman kansa, kuma an yi alkawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa.

Game da baffan da yake son a dawo da yarinya, muna tunatar da shi wani abu daga tarihin garinsa. A lokacin yawon wa'azin Shehu, wani malami daga Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata suke halartar majalisin karatu. Shehu ya umarci Malam Abdullahi ya ba shi amsa, ya kuwa amsa da waƙe, kamar yadda ya kawo a cikin Tazyinul Waraƙat. Taƙaicen amsar shi ne ba su yarda da cakuɗuwa ba, amma barin mata cikin jahilci ya fi muni, kuma ana kawar da babbar ɓarna da ɗaukar ƙarama. Wannan shi ne fiƙihun Gwandu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar matarsa tana naƙuda daga ƙauye zuwa Birnin Kabi, yana addu'ar Allah Ya sa ya tarar da likita mace, ya san darajar wannan yarinya. Ta nuna tana da addini, tun da ta ƙi abin da aka nema gare ta ba tare da kowa yana ganinta ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai koya mata yadda ake cewa a'a da sakin fuska. A haɗa ta da 'yan'uwa mata Musulmi na garin da take, a riƙa kiranta, a bar ta ta gama.

LAIFI TUDU NE

Ba za mu yi adalci ba idan muka auna na Turawa da mudu, muka auna namu da tafin hannu. Idan azumi ya kai kwana goma, yaranmu sukan fita tashe: wannan ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, wani ya yi Macukule, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, ana bi gida-gida ana karɓar hatsi da kuɗi. Baturen da ya ga wannan zai ce ai ku ma kuna da Halowin.

Akwai bambanci na asali, domin tashe ba a gina shi a kan dawowar matattu ko idin wani addini ba, raha ce ta yara a dararen azumi, wasu wasannin ma da hannunka-mai-sanda a cikinsu. Amma mudun da muka auna wancan da shi, shi ne zai auna wannan. Inda yaro ya ɗaura zane da ɗankwali ya yi shigar mata, hadisin bai canza ba don a Gwandu aka yi. Inda aka mayar da wata kabila ko wani malami ko mara aure abin izgili, Suratul Hujurat ta hana. Inda 'yan mata suke yawo cikin duhu, samari suna fakewa da tashe suna ɗaukar makami, liman yana tarawihi sahu bai cika ba, to nan ma akwai gyara. Yaron da ya tashi bai taɓa jin an rarrabe masa wasa mai kyau da mara kyau a ƙofar gidansu ba, yaya zai iya rarrabewa a Landan?

NAUYIN DA KE KANMU

A ƙarshe, mu masu wa'azi da masu karantarwa mu karɓi rabonmu na laifi. Muna raka yaro tasha da addu'a da kilishi da garin yaji, amma ba mu zaunar da shi ko na yini ɗaya mun gaya masa abin da zai tarar ba. Alhali kuwa masu fita kullum ƙaruwa suke yi. Tun 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda mazauninta na dindindin yake Kalgo, kuma daga cikin malamanta da ɗalibanta akwai masu tafiya ƙarin karatu waje. Tun 1987 gwamnatin tarayya take da shirin tura ƙwararru aikin sa kai na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik. Kowannensu zai tarar da bikin da bai sani ba, in ba Halowin ba to wani.

Muna ba da shawara ga rassanmu na Gwandu da Kalgo da sauran ƙananan hukumomi, su shirya zama na musamman a watannin Agusta da Satumba domin masu shirin tafiya, a gayyato waɗanda suka je suka dawo da addininsu da shaidar karatunsu, su faɗi abin da suka gani. A koya wa yara hukuncin bukukuwa, da na abinci, da sallar matafiyi, da lokutan salla a ƙasar da rana take faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a lokacin sanyi. A nema wa kowane ɗalibi masallaci da amintaccen mutum a garin da za shi kafin ya hau jirgi. A kuma sa malami guda wanda za a iya tambayarsa a waya ba tare da tsoron tonon asiri ba, domin yaron Kalgo ya ce ya so ya yi tambaya, amma bai san wanda zai tambaya ba wanda ba zai kai ƙararsa gida ba. Wannan magana ta fi hoton yi mana ciwo.

Muna roƙon Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya sa su zama jakadun Sunna da kyawawan halaye, Ya dawo mana da su lafiya. Ya sanyaya zukatan iyaye, Ya ba mu ikon gyara namu kafin mu hango na wani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.